Wai sanin kai yana kai mutum ga barin nama da nono?

Ɗalibin Ahmadabad:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah akwai maganar da ta kwana biyu tana cina, nace bari in kawo ta nan tunda akwai malamai da manya a gidan nan. Kun san dai ina karatun haɗa magunguna a Ahmadabad ta jihar Gujarat, shekarata ta uku kenan. Akwai abokin karatuna ɗan addinin Jain, su ba Hindu bane, addininsu daban ne, mabiya wani ne da ake kira Mahabira wanda yayi zamani ɗaya da Buda, kuma basu da yawa, a ƙidayar 2011 basu kai miliyan 5 ba a duk faɗin Indiya. To ya gayyace ni gidansu cin abinci yace lallai in zo kafin rana ta faɗi, dan su basa cin komai bayan magariba saboda kar ƙwaro ya faɗa cikin abinci ko wutar girki ba a gani ba. Abincin ba nama ba kifi ba ƙwai, wannan bai bani mamaki ba dan da yawan mutanen garin haka suke, amma harda albasa da tafarnuwa da dankali babu, wai in ka tuge su ka kashe shukar gaba ɗaya da ƙananan halittun da ke maƙale a jikinta.

Kakansa na zaune a gefe, tsoho ne sosai, yana tace ruwan sha da farin ƙyalle kafin ya zuba a kofi. Na kasa haƙuri nace Baba duk wannan takura ta mece ce? Jikan na fassara mana. Yace yaro ni ba daga abinci na fara ba. Yace kullum yana zama minti 48 shiru ba ya taɓa komai, yana duba abin da ya aikata ranar, ina yayi fushi, ina yayi girman kai, ina ya yaudari wani, ina yayi haɗama, abubuwa huɗun nan su ne suke ɓata rai a wajensu. Yace wanda ya daɗe yana wannan zaman zai gane cewa abin nan da ke cikinsa mai tsoron ciwo mai son ya rayu, irinsa ne a cikin akuya, daga nan ba sai an hana shi ba, hannunsa ne da kansa zai ƙi. Suna kiran abin ahinsa, wato rashin cutarwa.

Kuma ko a cikin gidan akwai rigima, dan ƙanwar abokin nawa ta daina shan madara da man shanu gaba ɗaya, irin waɗanda ake kira bigan, masu barin duk abin da ya fito daga dabba, tace ta ga yadda ake raba saniya da ɗanta a gidajen madara kuma in maraƙin namiji ne ba wanda ya damu da shi. Kakan kuma yana sha abinsa.

Ni ban haramta wa kaina komai ba. Amma wallahi tun ranar in na je sayen kaza a unguwar Musulmi na ga yadda aka cusa su a keji ɗaya kan ɗaya, wasu fukafukai a karye, sai inji wani abu ya tsaya min a wuya. Tambayata ita ce, shin da gaske akwai alaƙa tsakanin mutum ya san kansa, da ya daina cutarwa, da abin da yake ci? Ko dai tausayi ne kawai ya kama ni?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ƙanina ka yi hattara fa. Ni maganar nan ba ta shige ni ba ko kaɗan. A wace jiha kake zaune? Gujarat. A nan ne a 2002 aka kashe mutum sama da 1000 mafi yawansu Musulmi, a jihar da ake tinƙaho da rashin cin nama. A 2015 a Dadri kusa da Delhi mutane suka shiga gidan wani bawan Allah Muhammad Akhlak suka kashe shi da duka akan zargin wai yana da naman saniya a gida. Mutumin da zai kashe ɗan Adam saboda saniya wane sanin kai ne da shi? Kai da bakinka ka taɓa gaya mana a nan cewa gida nawa aka hana ka haya saboda kana cin nama. To ina rashin cutarwar take?

Ɗalibin Ahmadabad:
Yaya gaskiya ka faɗa, gida huɗu aka hana ni kuma har yau abin na min ciwo. Ban zo in wanke kowa ba. Amma tsohon nan ba shi ya kashe kowa ba, kuma abin da ya faɗa shi nake so a duba.

Malam Na Zaure:
Bismillah. Ɗana tambayarka mai kyau ce, amma bari mu fara ajiye iyaka kafin mu shiga. Nama halal ne, nono halal ne, zuma halal ce harma Alƙur'ani yace akwai waraka a cikinta. Allah yace a Suratul Ma'ida aya ta 87 kada ku haramta daɗaɗan abubuwan da Allah ya halatta muku. Kuma a cikin Sahihu Muslim akwai labarin wasu sahabbai da ɗaya yace ba zai yi aure ba, ɗaya yace ba zai ci nama ba, ɗaya yace ba zai kwanta a shimfiɗa ba, Annabi SAW bai yarda da su ba, yace wanda ya ƙi sunnata baya tare da ni. Shi kansa yana son karfata. Muna da layya, muna da hadaya, muna da yankan suna. Dan haka wanda ya bar nama yana ganin yanka zalunci ne a asalinsa, ko yana neman kusanci ga Allah da barin, to ya kauce. Wanda ya bari dan baya so ko dan lafiyarsa, ba ruwan kowa da shi.

Sannan maganar da ake yawan yaɗawa cewa wanda ya san kansa ya san Ubangijinsa, ba hadisi bane, Imamu Nawawi yace bai tabbata ba. Ma'anarta dai tana da kyau.

Amma fa kar wani ya ɗauka da na faɗi haka shikenan an rufe magana. Ba a rufe ba. Suratul An'am aya ta 38 ta ce babu wata dabba a ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fukafukansa face al'ummomi ne irinku. Mace ta shiga wuta saboda mage da ta tsare ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ba. An gafarta wa wani saboda kare da ya shayar. Kuma ance in za ku yanka ku kyautata yankan, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Abin da ya tsaya maka a wuya gaban kejin kajin nan ba baƙon abu bane a addininka, kar ka kore shi.

Ɗan Sarkin Pawa:
Allah gafarta malam, ni a cikin sana'ar aka haife ni, kakana mahauci, babana mahauci, ni ma shekara 19 kenan ina fita kwata tun asuba. Bari in faɗi abin da mutane basa gani dan su a faranti suke haɗuwa da nama.

Marigayi babana in zai yanka sa sai ya ba shi ruwa tukuna, yakan shafa masa wuya yana magana da shi a hankali, kuma in ya kama ka kana wasa wuƙa a gaban dabba ko ka kayar da wata a gaban 'yar uwarta wallahi sai ka sha mari. To ku zo ku ga yanzu. Shanu su kwana biyu a tirela an ɗaure musu ƙaho a jikin ƙarfe, ba ruwa ba ciyawa, wani ya faɗi 'yan uwansa su tattake shi, a sauke su ƙafa ta sage, wanda ya kasa tashi a murɗe masa wutsiya har ta karye, na taɓa ganin yaro ya zuba wa sa barkono a ido dan ya miƙe. Sannan a jera su a yanka ɗaya sauran na kallo suna shaƙar jini suna rawar jiki. Bisimilla kam ana yi, ba a fasa ba. Amma ihsanin da malam ya faɗa ina yake?

Abin da ya fi tsaya min a rai shekarar da ta wuce na farke cikin wata saniya na tarar da ɗan tayi har ya yi gashi, yana motsi a hannuna, ya ɗan buɗe baki sannan ya daina. Na ajiye wuƙa na fita waje na zauna a kan dutse, yarana suna ta kirana na kasa amsawa. Ranar ban ci nama ba, kusan sati biyu ban ci ba, ba wai na haramta bane, makogwarona ne ya ƙi. To da ɗalibi yace tsohon nan yace hannu ne da kansa zai ƙi, ni na gane abin da yake nufi. Amma ni da sana'ar nake ciyar da mutum 11, ban da wata.

Maman Ilham:
Innalillahi. Ɗan Sarkin Pawa ka sa ni hawaye wallahi. Allah ya jiƙan baba.

Baban Khalifa:
To ai wannan gyaran kwata ake buƙata ba barin nama ba. Kar a haɗa mana abu biyu.

Almajirin Shehu:
Baban Khalifa ba a haɗa ba, dama a haɗe suke, saidai kowa da inda ya tsaya. Ku tambayi duk wanda ya taɓa shiga halwa a wajen malamanmu na zaure, abu na farko da ake ce masa ka bar mai rai da abin da ya fita daga mai rai, ba nama ba kifi ba ƙwai ba nono ba man shanu har ka fito. Kwana 7 ko 21 ko 40 mutum na kan kunu da gyaɗa da ɗan dabino. Wannan ba daga Indiya aka kawo mana ba. Ba kuma cewa ake naman haram ne ba, cewa ake ciki in ya yi nauyi zuciya ba ta gani. Ni na yi ta kwana 21, abin da na lura da shi kuwa ba wani abin mamaki na gani ba, fushina ne na gani. Na gane ashe yadda nake daka wa matata tsawa akan abinci, da yadda nake shurin akuyar maƙwabci in ta shigo, duk daga rami ɗaya suke fitowa.

Kuma a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da muke karantawa, Sayyidina Umar yace ku yi hattara da nama domin yana da jaraba irin jarabar giya. Wannan fa Umar ne. Akwai kuma hikayar da ake bayarwa ta Rabi'atul Adawiyya, wai tana kan dutse barewa da sauran namun daji sun kewaye ta, da Hasanul Basri ya ƙaraso suka watse, ya ji ba daɗi, tace me ka ci yau, yace albasa da kitse, tace ka ci kitsensu ta yaya ba za su guje ka ba. Hikaya ce ba hujja ba, malam kar ka kama ni, amma tana nuna mutanenmu sun daɗe suna jin akwai wani zare tsakanin ciki da zuciya.

Malam Na Zaure:
Ban kama ka ba almajiri. Maganar Umar tana nan yadda ka faɗe ta. Barin na ɗan lokaci dan a hore wa rai, malamai sun yi maganganu akai, wasu sun yarda wasu sun ƙi, ni dai abin da nake tsoro shi ne a mayar da shi addini na dindindin.

Ɗan Maraɗi:
Salama gare ku. Tunda an zo nan bari in kawo wani mutum da muka karanta a adabin Larabci, Abul Ala'il Ma'arri, makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham, an haife shi 973 ya rasu 1057. Agana ta makantar da shi tun yana ɗan shekara 4. Shi wannan sama da shekara 40 bai ci nama ba, bai sha nono ba, bai ci ƙwai ba, harda zuma ya bari, yace ƙudan zuma ba dan wani suka tara ba, nonon kuma na jariran dabbar ne. Har wani babban mai wa'azi na daular Faɗimiyyawa masu mulkin Masar a lokacin, daga Alƙahira, ya dinga rubuto masa wasiƙa yana tuhumarsa akan dalili. Kun ga kusan shekara 900 kenan kafin wani Bature Donald Watson ya ƙirƙiro kalmar bigan a Ingila a 1944. To masu cewa abin na Turawa ne ko na Indiyawa kawai su sani a cikin Larabawa ma an yi. Saidai gaskiya malamai da yawa na zamaninsa da bayansa sun zarge shi a aƙida, kuma waƙoƙinsa cike suke da baƙin ciki da ƙin duniya, bai ma yi aure ba. Ni a ganina shi tausayinsa ya kai shi ga ƙin rayuwar gaba ɗaya, kuma wannan ba inda nake so in je bane.

'Yar Ruga:
Ni maganar nono ce ta sa na shigo, dan naga ana ta wuce ta. Yayana ɗalibi ka gaya wa yarinyar nan ta gidan abokinka ba kowane nono ne na zalunci ba. Ni a ruga na tashi. Saniyarmu ba ta ma sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa, sai a ja shi gefe a ɗaure kusa da ita tana lasarsa ana tatsa, kuma innata ba ta taɓa tatse hantsa ƙarƙaf ba, dole a bar wa maraƙi nasa, in rani yayi tsanani ma mu ake hanawa a bar masa. Kowace saniya da sunanta, babana in ya kira ta daga nesa za ta ɗago kai. Ranar da aka sayar da wata tsohuwar saniyarmu dan kuɗin asibiti baba bai ci tuwo ba. Mu nama sai suna ko biki ko Sallah, ba kamar mutanen birni ba da kullum sai an ci. Yanzu in kace mu bar nono, me za mu ci? Daji ne fa, ciyawar nan mutum ba zai iya cinta ba, saniya ce ke mayar mana da ita abinci.

Ɗalibin Ahmadabad:
'Yar uwa wallahi abin da kika faɗa kusan shi kakan yake gaya mata, yace a ƙauyensu da yana yaro haka ake yi. Ita kuma tace to Kaka madarar da ke cikin ledar nan ba daga ƙauyenku ta zo ba. Kuma tana da hujja, Indiya ce ta fi kowace ƙasa samar da madara a duniya kuma tana cikin manyan masu fitar da naman ɓauna zuwa waje, to ɓaunan da ake yankawa daga ina suke fitowa in ba daga wajen masu madarar ba. Tace mutum ya ce baya cin nama amma kuɗin madararsa ne ke kai dabbar mayanka.

'Yar Ruga:
To wannan kam ban da ta cewa. Mu ma madarar gari da ake sha a shayi ba mu san inda ta fito ba.

Maman Ilham:
Ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya dole in yi magana kafin wani yaro a gidan nan ya karanta ya tashi gobe yace ya zama bigan. Akwai bitamin B12, ba a samunsa yadda ya kamata a tsirrai, daga nama da kifi da ƙwai da nono yake zuwa, wanda ya bar su duka dole ya sha ƙwayarsa in ba haka ba a hankali jini zai ragu, ƙafafu su fara mutuwa, wani har mantuwa. Kuma baya nunawa da wuri dan hanta na ajiye shi na shekaru. Mai ciki da mai shayarwa da ƙaramin yaro su abin ya fi haɗari. Ɗalibi kai da kake karatun magani ka fi ni sani.

Sannan dan Allah mu tuna inda muke. Ni a wajen aiki yaran da nake gani masu tamowa ba zaɓa suka yi ba, wani wata uku bai ga ƙwai ba, uwar in kace ta ba shi kifi sai ta kalle ka kawai. Su waɗannan rashin nama ba tarbiyyar rai bace a wajensu, talauci ne. Wanda ya ƙoshi yana da kuɗin sayen ƙwaya shi ne zai iya zaɓa. Amma ban ce ba abin ɗauka ba, mu da muke da hali muna cin naman da ya fi ƙarfinmu, ga hawan jini ga ƙiba, alhali ga wake ga awara ga ƙuli-ƙuli ga daddawa ga zogale, kakanninmu da su suka rayu.

Malamin Tarihi:
Na karanta duka tun daga sama. Ina so in koma kan maganar Baban Khalifa dan ita ce mai nauyi kuma an bar ta a hanya.

Gandhi ɗan Gujarat ɗin nan ne, an haife shi a Porbandar 1869, kuma kafin ya tafi Ingila karatu a 1888 sai da mahaifiyarsa ta sa ya yi alƙawari a gaban wani malamin Jain cewa ba nama ba giya ba mata. Daga baya ya haɗu da wani ɗan kasuwar duwatsu masu daraja shi ma Jain, Rajchandra, wanda duk karatunsa akan sanin rai ne, har Gandhi ya aiko masa da tambayoyi 27 daga Afirka ta Kudu, cikinsu harda in maciji ya zo zai sare ni in kashe shi ko in bari. To kun ga a wajen Gandhi abubuwan ukun nan, sanin kai da rashin cutarwa da abinci, a haɗe suke tun tushe, kuma da su ya fuskanci Turawan mulki. Ya ma bar madara a 1912 bayan ya karanta irin azabar da ake yi wa shanu dan a matso nonon ƙarshe, sai da ciwo ya kusa kashe shi a 1918 sannan matarsa ta lallaɓa shi ya koma shan nonon akuya, kuma har ya mutu abin na damunsa. Maman Ilham kin ga maganarki ta fito.

Amma ga ɗaya ɓangaren. Babban abokin tafiyarsa Khan Abdul Gaffar Khan Musulmi ne, Bafatane, wato ɗan ƙabilar Fashtun, mutanen da aka sani da bindiga da ramuwar gayya da cin nama. Ya kafa ƙungiyar Khudai Khidmatgar a 1929, wato masu yi wa Allah hidima, duk wanda zai shiga sai ya rantse ba zai rama ba. A watan Afrilu 1930 a wata kasuwa a Feshawar sojan Ingila suka buɗe wa jama'a wuta, mutane na faɗuwa wasu na matsowa gaba hannu ba makami. Shi Gaffar Khan yace daga haƙurin Annabi SAW a Makka ya samo wannan, bai kuma ce wa mutanensa su bar nama ba. To ni abin da na fahimta, sanin kai da rashin cutarwa kam ba sa rabuwa, amma abinci yana iya biyo su yana iya ƙin biyowa, kuma mutum na iya riƙe abincin ya yar da sauran biyun, waɗannan su ne mutanen da Baban Khalifa yake magana akai.

Baban Khalifa:
Yawwa malam, to yanzu ka zo inda nake. Labarin Bafatanen nan ban taɓa jinsa ba, zan nema. Ni abin da ke ɓata min rai shi ne mutum ya ɗauki farantinsa ya mayar da shi sandar dukan wani.

'Yar Jos:
Sannunku. Ni Kirista ce, na yi aiki shekara biyu a Addis Ababa. Kiristocin Habasha na cocin Otodoks kusan kowace Laraba da Juma'a basa cin nama ko nono ko ƙwai, kafin Ista kuma kwana 55 a jere, har mahauta da yawa kan rufe shago. Amma in azumi ya wuce suna ci sosai. Matar da na zauna a gidanta takan ce azumin da ba a yafe wa maƙwabci ba yunwa ce kawai. Ina ga ya yi kama da halwar da almajiri ya faɗa.

Ɗalibin Ahmadabad:
Na koma gidan jiya da yamma, na karanta wa abokina maganganunku yana fassara wa kakan. Da aka zo kan ta Yaya Baban Khalifa tsohon yayi shiru ya daɗe, har na ji kunya nace ko na yi laifi ne. Sai yace yana garin a 2002, yace ya san mutanen da basu taɓa sa nama a baki ba amma sun fita cikin masu kisan, kuma shi kansa ya kulle ƙofa bai fita ya ceci kowa ba saboda tsoro, yace har yau in ya zauna zaman nan nasa wannan ranar na zuwa masa. Yace a ƙarshen kwanakin ibadarsu na shekara kowa na bin mutane yana cewa micchami dukkadam, wato in na cuce ka ka yafe min, yace in gaya maka ya faɗa maka ita. Da na karanta masa labarin Ɗan Sarkin Pawa kuwa bai ce komai akan sana'ar ba, tambaya yayi ko mutumin na samun barci.

Ni dai na yanke zan rage, sau ɗaya a sati, kuma na daina saye a wajen mai kejin nan, akwai wani dattijo can ciki da kajinsa ke sake a fili ko da ya fi tsada. Layya kuma in Allah ya hore min zan yi da hannuna.

Baban Khalifa:
Kace masa na ji. Ba ni aka yi wa ba balle in yafe a madadin waɗanda aka kashe, amma na ji, kuma ban zaci zai faɗi haka ba.

Ɗan Sarkin Pawa:
Kace masa ina samu, amma ba kullum ba.

Jama'a ni wata tambaya gare ni tunda jibi Juma'a zan shiga kasuwar Wudil. Mu da ido da taɓa ciki muke gane mai ciki, kuma in cikin ƙarami ne ba a ganewa sai an farke, dillali kuma ba zai gaya maka ba. Akwai likitan dabbobi a gidan nan da zai gaya min yadda ake dubawa tun a kara kafin a yi ciniki, da nawa ake biya? In ma zai yiwu in dinga zuwa da shi ni zan ɗauki kuɗin motarsa, dan mu huɗu ne muke haɗa kuɗi muna saye, zan yi musu magana yau da daddare.

Maman Ilham:
Ƙanin maigidana likitan dabbobi ne, yace da hannu ake dubawa ta baya kuma daga wajen wata biyu ana ganewa, ba ya ɗaukar lokaci. Yana Kano. Ka min magana ta gefe in haɗa ku, amma yace jibi sai dai in za ku fita da wuri dan yana da aiki bayan sallar Juma'a.